Paul Harris, malamin jami'ar da ya yi suna a nazarin wasan yara

Paul Harris masanin halayyar ɗan Adam ne, ɗan ƙasar Ingila, wanda aka haifa a 1946. Fanninsa shi ne girman hankalin yara, wato yadda tunanin yaro yake canzawa tun yana goye har ya yi wayo. An fi saninsa da bincike kan abubuwa uku: yadda yara suke gane abin da ke zuciyar mutane, yadda suke ƙirƙiro abin da babu shi a cikin wasa, da yadda suke zaɓen wanda za su yarda da maganarsa.

A garuruwan Damargu irin su Tanut da Belbeji, kowa ya saba ganin yaro ya hau karan hatsi ya ce doki ne, ko yarinya tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir. Manya da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin shirmen ƙuruciya. Harris ya shafe shekaru da dama yana gwada abin da ke gudana a kan yaro lokacin irin wannan wasa, kuma abin da ya gano ya shafi iyaye da malaman lakwal da na allo.

Karatu da wuraren aiki

Harris ya yi karatun digirinsa na farko a jami'ar Sussex, sannan ya yi digirin dokta a jami'ar Oxford. Bincikensa na farko a kan jarirai ne: idan aka ɓoye wa jariri abu yana kallo, ina zai neme shi, kuma a wane wata ne yake fara nema daidai? Daga nan ya koyar a jami'ar Lancaster, da wata jami'a a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, da makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan. Ya koma Oxford inda ya yi kusan shekara 20 yana koyarwa. A 1998 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana ta Birtaniya, a 2001 kuma ya koma jami'ar Harvard ta Amurka, a sashen nazarin ilimi.

Manyan littattafansa uku sun fito a 1989, a 2000 da 2012. Na farko ya yi magana kan yara da motsin zuciya kamar fushi, tsoro da murna. Na biyu, The Work of the Imagination, kan aikin da hasashe yake yi wa yaro. Na uku kan yadda yara suke koyo daga bakin mutane.

Waɗanda suka riga shi

Masanin Suwis Jean Piaget, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1980, shi ne ɗaliban makarantun horar da malamai na ƙasashen renon Faransa suka fi sani. A wani littafinsa na 1945 ya bayyana cewa a wasan ƙarya yaro yana lanƙwasa duniya ne ta dace da son ransa, kuma yakan rage wannan yayin da hankalinsa yake nuna. Lev Vygotsky ɗan Rasha, wanda shi ma aka haifa a 1896 ya rasu a 1934, ya dubi abin ta wata fuska. Ya kawo misalin sandar da yaro yake mayarwa doki, ya ce a nan ne yaro yake fara raba ma'anar abu da abin kansa.

Harris ya saɓa wa Piaget a wannan gaɓa. A ganinsa hasashe ba ya gushewa da girma. Shi ne dai babba yake amfani da shi in ya zauna yana lissafin abin da zai yi idan damina ta makara, ko yana sauraren labarin garin da bai taɓa zuwa ba.

Gwaje-gwajen da suka yi suna

A 1993, shi da abokin aikinsa Robert Kavanaugh suka wallafa bincike kan yara ƴan shekara biyu. Sukan ɗauki butar shayi wadda babu komai cikinta, su sa ɗan tsana ya yi kamar ya tuttula shayin a kan wata dabbar roba. Yaran sukan ce dabbar ta jiƙe, su ɗauki tsumma su goge ta, alhali a bushe take. Ke nan yaro yana bin sababi da sakamakonsa har a cikin abin da ya san ƙarya ne.

A 1991 kuma an nuna wa yara ƴan shekara huɗu zuwa shida akwatin da babu komai cikinsa, aka ce su ƙaddara akwai zomo ko dodo a ciki. Da aka tambaye su, suka ce ai wasa ne. Amma da babban ya fita daga ɗakin, wasu sun je sun leƙa akwatin, wasu ma ba su so a bar su su kaɗai ba. Yaro yana iya bambance gaskiya da ƙarya, duk da haka abin da ya suranta a ransa yana iya tsorata shi. Iyayen da ke yi wa yara barazana da dodo suna da abin lura a nan.

Gwaji na uku ya fi kusa da aji. Tare da Maria Dias ƴar ƙasar Barazil, tun daga 1988, sun riƙa ba yara ƙa'idar da ta saɓa wa abin da suka sani, misali a ce duk kifaye a kan itace suke zama, wane kifi ne, to a ina yake zama? In an faɗa musu kai tsaye, yaran sukan ce a ruwa. In an sa musu maganar cikin labari ko wasa, sai su bi ƙa'idar su ba da amsar da ta dace da ita. A 2005 aka maimaita irin wannan gwaji da manyan da ba su yi lakwal ba a Barazil, su ma amsarsu ta gyaru da aka ce su ƙaddara a wata duniya ake magana. Wannan ya rage ƙarfin ra'ayin da ya biyo bayan binciken Alexander Luria a Uzbekistan a farkon shekarun 1930, cewa wanda bai yi boko ba yana kasa irin wannan lissafi. Bahaushe ya san dabarar tun da daɗewa: da zarar an buɗe gatana da kalmominta na farko, babu yaron da zai yi musun cewa gizo yana magana da zaki.

Binciken Kamaru

Harris ya damu da tambayar ko abin da ake gani wurin yaran Turai haka yake wurin sauran yaran duniya. A 1991 shi da Jeremy Avis suka wallafa bincike kan yaran Baka, mafarautan kurmin kudu maso gabashin Kamaru, waɗanda ba su shiga makaranta ba. Wani babba yakan dafa ƙwallon mangwaron daji ya rufe a kwano ya tafi, sai a sa yaron ya ɗauke ya ɓoye a wani wuri. Daga nan a tambaye shi ina mutumin zai duba in ya dawo, da yadda zuciyarsa za ta kasance kafin ya buɗe kwanon. Mafi yawan yara ƴan wajen shekara biyar sun amsa daidai: zai nufi kwanon yana murna, domin bai san an ɗauke ba. Ƙananansu sun fi yin kuskure. Haka aka saba gani a Turai da Amurka.

Yarda da maganar manya

A ƙarshen aikinsa Harris ya maida hankali kan abin da yaro ba ya iya gani da idonsa, kamar ƙwayoyin cuta, tarihi da al'amuran addini. Duk waɗannan daga bakin mutane yake samunsu. Binciken da ya yi da Melissa Koenig a 2005 ya nuna cewa ƴan shekara huɗu suna lura da wanda ya taɓa faɗa musu sunan abu ba daidai ba, kuma in an zo sabon abu sai su fi karkata ga wanda bai yi kuskure ba.

Suka da iyakar binciken

Ba duka masana suka yarda cewa wasan ƙarya shi ne yake gina hankali ba. A 2013 Angeline Lillard da abokan aikinta suka bi diddigin binciken shekaru da dama, suka ce hujjar da ke nuna wasan ne sanadin ci gaban ba ta da ƙarfi. Suzanne Gaskins kuma ta nuna cewa yaran Maya na ƙasar Meziko sun fi shagala da taya iyaye aiki, wasan ƙaryarsu kaɗan ne, kuma suna girma lafiya lau. Wata matsalar ita ce mafi yawan gwaje-gwajen fannin a kan yaran biranen Turai da Amurka aka yi su.

A Afirka ta Yamma akwai tushen da za a iya ɗorawa a kai. Charles Béart ya wallafa kundi biyu kan wasanni da kayan wasan yankin a Dakar a 1955. Enid Schildkrout ta yi nazarin aikin yara, musamman talla da aike, a Kano a shekarun 1970. Bame Nsamenang ɗan Kamaru, wanda ya yi digirin dokta a Ibadan ya rasu a 2018, ya yi ta jan hankali cewa yaron Afirka yana koyo ne ta hanyar ɗaukar nauyi da zama cikin ƴan uwa da sa'o'i.

Hanyar shiga fannin a Nijar

Ɗalibin Tanut da ya samu bak yana iya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ya fara da fannonin da suka shafi tarbiyya a jami'ar André Salifou ta Damagaram. Tsarin karatun shekara uku ne na lisansi, biyu na mastar, sannan aƙalla uku na dokta. Ƙarin girman malamin jami'a yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, kuma tana duba yawan binciken da mutum ya wallafa da ingancinsa.

Abin nazari yana nan a ƙofar gida. Damargu ta haɗa Hausawa, Buzaye, Fulani da Dagirawa, manoma da makiyaya, kuma ƴaƴan kowane suna da nasu wasa: raƙumi da shanun laka, motar kara, auren ƴar tsana, langa, gaɗa da tashen watan azumi. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda sashenta na 31 ya ba yaro haƙƙin hutu da wasa. Masu tsara azuzuwan share fagen firamare suna buƙatar sanin yadda waɗannan yara suke wasa da tunani a harsunansu na gida, kafin su haɗu da Faransanci a aji.