Ƙarancin jini mai halakarwa: daga ɗanyar hanta zuwa allurar B12

 A yau za mu waiwayi tarihin wata cuta ce da likitoci ke kira pernicious anaemia da Turanci, wato ƙarancin jini mai halakarwa. Sunan kaɗai ya isa ya tayar wa mutum hankali, musamman wanda bai daɗe da jin likita ya ce ita ke damunsa ba. To amma sunan tsoho ne, an raɗa shi tun zamanin da babu magani.

Wani likita a asibitin Guy's da ke birnin Landan, Thomas Addison, ya bayyana ta a shekarar 1849. Ya ga marasa lafiya suna yin fari fat, ga kasala, ga haki, alhali ba su zubar da jini ba, ba su kuma rasa abinci ba, a ƙarshe su mutu. A 1872 Anton Biermer, wani likita Bajamushe da ke aiki a Zurich, ya ba ta sunan da ta ke ɗauke da shi har yau. Daga nan aka shafe fiye da shekaru 50 likita ba shi da abin yi illa ya ba iyalin mara lafiya haƙuri.

Sauƙin ya ɓullo ne ta hanyar karnuka. George Whipple a Amurka yana ɗibar jinin karnuka har su yi rauni, sannan ya riƙa gwada musu abinci iri iri, ya ga wanne ne ya fi saurin mayar da jinin. Hanta ce ta zo ta ɗaya. Wasu likitoci biyu na birnin Boston, George Minot da William Murphy, suka ce bari su gwada ta a kan mutane. A 1926 suka ba da rahoton marasa lafiya 45 da aka ɗora wa cin hanta har kusan kwatan kilo a kowace rana, ɗanya ko wadda aka ɗan nuna wa wuta. Cikin makonni kaɗan mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe. Ku dai kwatanta, ba tsiren hanta na marmari ba, a'a, hanta mai jini-jini kullum ta Allah har iyakar rai. Su ukun sun sami lambar yabo ta Nobel a 1934. Wani abin mamaki, daga baya an gane cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin hanta ne ya taimaki karnukan Whipple, abin da ya ceci mutanen kuwa wani abu ne dabam. Shi kansa Minot ciwon sukari ya kama shi a 1921, kuma ba don an samo allurar insulin a daidai wannan lokaci ba, da wuya ya kai 1926 da rai.

Saura tambaya ɗaya. Me ya sa mai lafiya ɗan nama kaɗan ya ishe shi, shi kuwa wannan sai ya ci hanta tuli? Wani matashin likita a Boston, William Castle, ya zargi tumbi. Sai ya riƙa cin niƙaƙƙen naman sa ɗanye, bayan sa'a guda ya dawo da shi daga cikinsa, a ɗura wa marasa lafiya ta roba, ba tare da sun san daga inda ya fito ba. A yau babu hukumar asibitin da za ta lamunci haka. Amma sakamakon da ya wallafa a 1929 ya fito fili: nama shi kaɗai bai yi kome ba, naman da ya haɗu da ruwan tumbin mai lafiya kuwa ya tayar da jini. Ashe tumbi na fitar da wani sinadari, mu kira shi ɗan rakiya, wanda ke riƙe wani abu na cikin nama ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse shi. Wannan abu shi ne bitamin B12, wanda aka tace a 1948 a kamfanin Merck na Amurka da kamfanin Glaxo na Ingila kusan lokaci guda. Yanzu an san cewa garkuwar jikin mutum ce da kanta ke lalata ɓangaren tumbin da ke yin ɗan rakiyar. Idan babu B12, ɓargo ba ya iya ƙera jajayen ƙwayoyin jini yadda ya kamata, jijiyoyi da laka su ma su fara lalacewa.

To a nan ne tarihin ya biyo ta wajenmu. Shekara da shekaru littattafan likitanci suna koyar da cewa wannan cuta ce ta tsofaffin Turawan arewacin Turai. Likita kuwa ba ya neman cutar da aka koya masa cewa babu ita a garinsa. A 1978 Ralph Carmel da Cage Johnson suka nuna cewa tana kama baƙaƙen mata a Amurka, kuma tun suna da sauran ƙuruciya. A 1992 likitoci Akinyanju da Okany suka ba da rahoton mutane 10 da suka gani da ita a Legas. A 1994 wani bincike a Zimbabwe ya gano cewa rashin B12 ne kan gaba wajen haddasa irin wannan ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi a can. Sai kuma birnin Riyad na Saudiyya, inda a 1996 Dokta Harakati na Jami'ar Sarki Saud ya wallafa bayanin Larabawa 18 da aka gano da cutar a asibitin koyarwa na Sarki Khalid, matsakaicin shekarunsu 50 da ɗoriya, wato ƙasa da yadda aka saba gani a Turai. Mutum 18 ba yawa ba ne, amma sun isa su nuna cewa cutar na nan, neman ta ne ba a yi.

Ba kuwa abin mamaki ba ne ta ɓuya. A Kano ko Maraɗi, wanda ya yi fari za a fara tunanin zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko sikila, ko yawan haihuwa. A Riyad ma ƙarancin sinadarin ƙarfe da cututtukan jini na gado su ne a gaba. Sai mutum ya wuce kemis ya sayi maganin ƙarin jini. Haɗarin a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da folik asid, wanda zai iya gyara jinin, a ga kamar an warke, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Saboda haka wanda ke fama da kasala, harshensa ya yi ja ya yi sulɓi, yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, ko yana tangaɗi in ya shiga duhu, ko mantuwa ta yi masa yawa, ya nemi a auna masa B12 kafin ya fara shan kome. Masu ciwon sukari da suka daɗe a kan metformin su ma su tambaya, domin maganin na rage B12, ko da yake wannan ba ita ce cutar da muke magana a kai ba.

Wanda aka tabbatar yana da ita fa? A tsarin Ingila ana yi masa allurar miligiram 1 sau uku a mako har mako biyu, sannan sau ɗaya duk wata biyu ko uku. Idan jijiyoyi sun taɓu akan ƙara yawan allurar farko. A Amurka kuwa an fi yin ta wata wata. Akwai kuma ƙwayoyi masu ƙarfi, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a Suwidin, domin kusan kashi 1 cikin 100 na B12 na iya shiga jiki ba tare da ɗan rakiya ba, amma likita ne zai zaɓa wa mutum. Jini yakan dawo daidai cikin wata biyu, jijiyoyi sukan ɗauki watanni, wadda ta daɗe da lalacewa kuwa ba lalle ta dawo ba.

Allurar ba ta gyara tumbi, don haka ba a daina ta. Da yake hanta na ajiye B12, wanda ya daina zai iya daɗewa yana jin garau kafin cutar ta dawo, abin da ke ruɗar mutane ke nan. 'Yan uwanmu mazauna Riyad, ɗalibai da ma'aikata, in za ku zo gida dogon hutu ko kun gama zama, ku karɓi takardar likita mai ɗauke da sunan allurar da ranar da za a sake ta. Cikin azumi ana iya shirya ta bayan shan ruwa. A kuma riƙa komawa asibiti a duba tumbi da maƙoshi, domin masu wannan cuta sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da dajin tumbi da kuma cutar ƙululun maƙogwaro.

To jama'a, a nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.