Wajabcin Hujja Kafin a Bar Manhaja Ta Ba Likita Shawara

Haƙiƙa duk wanda ya ga yadda iyaye mata ke yin dafifi a ɗakunan shan magani na Tibiri da Jiratawa a yankin Maraɗi idan damina ta yi nisa, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke taruwa a kan yaro guda, ba zai musa fa'idar manhajar da ke yi wa ma'aikacin lafiya jagora tambaya bayan tambaya ba, irin ALMANACH wadda aka soma aiki da ita a Adamawa a 2016. Sai dai kuskuren ma'aikaci a ɗakinsa yake tsayawa, na manhaja kuwa yana maimaituwa a duk inda aka kai ta, kamar yadda kuskuren manhajar Therac-25, na'urar jinyar ciwon daji, ya raunata majinyata a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har wasu suka mutu.

Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'idojin da harshen lissafi da manɗiƙi tun kafin a gina manhajar, sa'an nan a kafa hujja cewa babu halin da aka bari ba hukunci, babu kuma hukunci biyu masu karo da juna. Da irin wannan tafarki, wanda Jean-Raymond Abrial ya shimfiɗa, aka tabbatar da manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris a 1998.

A dubi mas'ala guda. Ƙa'ida ta ce a ba yaro mai ƙarancin jini maganin ƙarfe, wata kuma ta hana shi ga mai tamowa mai tsanani a farkon jinyarsa, alhali yaron da zagayen damtsensa bai kai milimita 115 ba sau da yawa yana ɗauke da illolin biyu. Malaman usulu sun daɗe da sanin cewa idan dalilai suka yi karo tilas a yi tarjihi, na'ura kuwa ba ta rinjayar da wanda ba a rubuta mata ba.

Amma fa hujjar lissafi iyakarta ta nuna manhaja ta bi abin da aka rubuta, ba ta shaidar ingancinsa. Saboda haka ya wajaba likitocin Maraɗi da malaman lissafi na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo su zauna tare su rubuta ƙa'idojin, kuma kada hukuma ta karɓi manhajar da ba ta zo da hujjarta ba.