Asusun Rashin Aiki a Ingila: Daga Dokar 1911 Zuwa Tattakin Jarrow

Kafin ƙarni na ashirin, ma'aikacin da ya rasa aikinsa a Ingila ba shi da madogara sai ƙungiyar sana'arsa, in yana da ita, ko kuma Dokar Matalauta ta 1834. Wannan doka ta tanadi gidajen aikin dole, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'yansu, a ciyar da su abin da bai taka kara ya karya ba. Da gangan aka tsananta zaman gidajen, don kada kowa ya nufe su sai wanda wuya ta kai masa iyaka. Tunanin da ke bayan wannan kuwa shi ne, duk mai lafiyar da ke zaune ba aiki, malalaci ne.

A 1909 William Beveridge ya fitar da littafi inda ya nuna cewa rashin aiki ciwo ne na masana'antu kansu: kasuwa takan cika ta batse, sannan ta ja baya, kuma idan ta ja baya, da mai ƙwazo da rago duk tare ake sallamarsu. Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar ciniki a lokacin, ya jawo shi aikin gwamnati. A 1910 aka buɗe ofisoshin neman aiki, a 1911 kuma Majalisa ta zartar da Dokar Inshorar Ƙasa, wadda Lloyd George ya jagoranta.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kowane mako ma'aikaci ya zuba kwabo 2 da rabi, mai aikin da ya ɗauke shi ya zuba kwabo 2 da rabi, gwamnati ta ƙara sulusin abin da su biyun suka tara. Ana manna kan sarki a katin ma'aikaci don shaidar biya. Ranar da aiki ya yanke, sai ya kai katinsa ofis, a rubuta sunansa cikin masu neman aiki, a riƙa ba shi sule 7 a mako, har tsawon mako 15 a shekara. Ya yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa shi kaɗai ke ɗauka. Wanda ya bar aiki don ganin damarsa, ko aka kore shi bisa laifi, sai ya yi jira na mako 6.

Sule 7 ba ta riƙe gida, ko rabin ladan lebura ba ta kai ba. Darajarta tana wani wuri dabam: mutum yana karɓarta ne a matsayin haƙƙinsa, domin guminsa na ciki, ba wanda zai shiga ɗakinsa ya ƙirga tukwanensa kafin a ba shi. Abin lura kuma shi ne taka-tsantsan ɗin waɗanda suka tsara dokar. Sana'o'i kaɗan suka ɗauka, irin su gini da ƙera jiragen ruwa da aikin injuna, mutum wajen miliyan 2 da kwata, kuma sai an zuba na mako 5 ake cin na mako 1.

Wannan lissafi ya tsaya da ƙafarsa muddin rashin aikin na ɗan lokaci ne. A 1920 aka faɗaɗa dokar ta game ma'aikata fiye da miliyan 11, sai ga kasuwa ta karye a 1921. Cikinsu akwai tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Farko, kuma babu gwamnatin da ke da ƙarfin halin tura su gidan matalauta. Saboda haka aka ci gaba da biyan mutanen da suka riga suka cinye rabonsu, asusun yana ranto kuɗi daga Baitulmali. Suna dai inshora, amma a zahiri rabinsa ya zama agaji.

Ƙarshen tika-tika ya zo a 1931. Marasa aiki sun haura miliyan 2 da rabi, bashin asusun ya doshi fam miliyan 100, masu ba da rance kuma suka nemi a tsuke bakin aljihu. A watan Agusta majalisar ministocin Ramsay MacDonald ta rabu, 11 da 9, a kan rage kashi 10 cikin 100 na kuɗin marasa aiki, gwamnatin Leba ta faɗi. Wadda ta gaje ta ta mayar da sule 17 na magidanci sule 15 da taro. Abin da ya fi ragin ciwo shi ne binciken gida: wanda ya wuce mako 26 ba a ba shi kome sai an ƙididdige duk abin da ke shiga gidansa, har ladan ɗansa da 'yar ajiyar matarsa. Samari da yawa suka bar gidajen iyayensu don kada a yanke wa uba abin da yake samu. Wato wulaƙancin da dokar 1911 ta kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Dokar 1934 ta mayar da abin da aka rage, ta kuma raba inshora da agaji, kowanne da hukumarsa. Amma ba ta buɗe masana'antar da ta rufe ba. A Jarrow, garin da ya dogara ga ƙera jiragen ruwa, ma'aikatar Palmer ta rufe a 1934. A Oktoba 1936 mutum 200 suka taka a ƙasa zuwa London, tafiyar kusan mil 300, tare da wakiliyarsu a Majalisa, Ellen Wilkinson. Aiki suka je roƙo, ba ƙarin kuɗi ba. Firayim Minista Stanley Baldwin ya ƙi ganinsu. Da suka koma gida, sai suka tarar an zaftare musu kuɗin agaji na kwanakin tafiyar, bisa hujjar cewa da aiki ya samu a lokacin, ba sa nan.