Tatsa, Matsa ko Famfo: Me Za Mu Kira Abin da Uwa Ma'aikaciya Ke Yi wa Ɗanta?

Mai shayarwar da hutun haihuwarta ya ƙare, ta koma aji ko asibiti ko banki, takan wuni nesa da jaririnta. Wata ma aikin yakan kai ta wani gari ta kwana. Don kada yaro ya rasa abincinsa, sai ta fitar da ruwan nononta ta adana, mai raino ta riƙa ba shi. Abin yana yaɗuwa a biranenmu, amma har yau bakin mutane bai tsaya a kan suna ɗaya ba. Ma'aikatan lafiya suna cewa tatsa, wasu matan suna cewa matsa, wasu kuma famfo. Kowane suna da irin kayan da yake ɗauke da shi, kuma kayan nan ne ke sa wata ta yi, wata ta ƙi.

Mu fara da nonon kansa. Da wannan kalma ɗaya Bahaushe ke kiran gaɓar jikin mace, da ruwan da ke fita daga cikinta, da kuma abin da 'yar Fillo ke dama fura da shi. Dabba tana da hantsa, nonon saniya kuma yana da sunaye gwargwadon halinsa: madara idan sabon tatsa ne, kindirmo idan ya yi barci, tsala idan an kaɗe an cire mai. Na mace bai samu wannan rabe-raben ba, domin ba a saba ganinsa a cikin ƙwarya ba. Daga ƙirji sai bakin yaro. Kunya ma takan sa a kauce wa kalmar, a ce a ba shi mama. Madara kuwa yanzu ta gwangwani ta ƙwace sunan. Uwar da ta ce wa 'yar raino "ki ba shi madararsa" tana iya dawowa ta tarar an dama masa ta gari. Faɗin "nonon uwa" ko "tatsattsen nono" shi ya fi tsare yaro.

Tatsa ita ce kalmar da ta fi dacewa da aikin, ita ce kuma ta fi shan ƙyama. Da an ambace ta sai tunani ya tafi ruga, ko kuma ga saniyar tatsa, wato wanda aka mayar abin ci da guminsa. Akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi. A al'adarmu ta da, ba a cika tatsar nonon mace ba sai idan ana zarginsa. Dakashi, ruwan farko mai kauri da launin ɗorawa, akan tatse a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. A wasu ƙauyuka akan tatsi nonon mai jego a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Haka macen da ta wuni a waje, akan ce nata ya lalace, sai ta zubar da na farko kafin ta ba yaro. Nono kuwa ba ya tsami a cikin ƙirji. Saboda haka idan kaka ta ji surukarta na tatsa, kunnenta zubarwa yake ji, ba ajiya ba. Nan ne gardamar gida take farawa.

Matsa ta fi sauƙi a baki, amma tana koyar da kuskure. Wadda ta ɗauki sunan yadda yake za ta kama kan nono ta murtsuke, ta ji ciwo, ruwa kuma ya ƙi zuwa. Yadda ake yi shi ne a wanke hannu, a ɗora babban yatsa da manuni a bayan baƙin da ya kewaye kan, a danna baya wajen ƙirji, a haɗa yatsun a saki, ana zagayawa. Famfo kuma ya zo ne tare da na'urar, ta hannu ko ta lantarki. Illarsa ita ce yana sa a zaci da an murɗa sai zuba. Jiki ba haka yake ba. Sinadarin da ke sakin nono yana son natsuwa, fargaba da kunya suna tsayar da shi. Jiki kuma yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire. Wadda ta wuni ba ta tatsa ba, ƙirjinta zai cika ya yi tauri, har ya iya kai ta ga kumburi da zazzaɓi, a hankali kuma ruwan ya ragu.

Littattafan fiƙihunmu sun riga mu sanin nonon da ya rabu da ƙirji. A Mukhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, nonon da aka ɗura wa jariri ta baki, wato wajur, ko ta hanci, wato sa'uɗ, yana haramta aure kamar wanda ya tsotsa. Ke nan tatsattsen nono nono ne cikakke a shari'a. Wannan kuma yana ɗora nauyi: inda mata da yawa ke ajiya a firji ɗaya, dole kowace ta rubuta suna da lokaci a jikin mazubinta, domin musaya tana iya haifar da 'yan'uwantakar shayarwa.

Doka ma suna ne ya rage mata. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don ta shayar da ɗanta. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, jihar Kaduna kuma ta kai nata wata shida a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son nono zalla har wata shida, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka. Malamar da makarantarta ke wani gefen Kano ba za ta je gida ta dawo cikin rabin awa ba. Idan shugabanta bai ɗauki tatsa a matsayin shayarwa ba, wannan haƙƙi ya tsaya a takarda.

Ajiyar kanta ba ta da wuya. A ɗaki mai sanyi-sanyi nono yana kai awa huɗu, a firji kwana huɗu, a akwatin ƙanƙara na tafiya kwana ɗaya, in an daskarar kuma wata shida. Zafin bazara yana rage lokacin, sai a nemi wuri mafi sanyi. Maiƙon da ke tasowa sama ba alamar lalacewa ba ce, juyawa kawai ake yi. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma mazubin a ruwan ɗumi, a ba yaro da ƙaramin kofi mai tsabta.

A ganina tatsa ce ya kamata mu riƙe, mu wanke ta daga tsohon zargi, mu riƙa faɗinta a asibiti da rediyo da tsakar gida ba tare da sunkuyar da kai ba. Shugabannin ma'aikatu su ware ɗaki mai ƙofa da kujera da ruwan wanke hannu, kada a bar mace ta yi abincin ɗanta a banɗaki. Iyayenmu mata da mazaje kuma, idan kun ga 'yarku ta dawo daga aiki da mazubi a jaka, ku karɓa ku yi mata sannu, domin shayarwa ta yi.