TAFIYA DA FASAHA: TARIHIN MALAMAI BIYU DA SUKA YI KARATU A INGILA

Gabatarwa

A kowace shekara ana samun 'ya'yanmu daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura waɗanda ke tsallaka teku domin neman ilimi, wasu da tallafin gwamnati, wasu kuwa da gumin iyayensu. Akasarinsu likitanci ko injiniyanci ko ilimin kwamfuta suke karantawa, kuma babu mai musun amfanin waɗannan fannoni. Sai dai akwai abin da ba mu cika tambayar ɗalibi ba idan ya dawo, wato me idonsa ya gano a can, me kuma hannunsa ya iya yi da abin da ya gano. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin malamai biyu na tsohuwar Jihar Arewa da suka je Ingila a matsayin ɗalibai, ɗaya gwanin wasan kwaikwayo, ɗaya gwanin zane. Su ne Malam Aminu Kano da Farfesa Jimo Akolo.

Malam Aminu Kano a Landan

Jama'a sun fi sanin Malam Aminu da siyasa, amma kafin ya zama ɗan siyasa malamin makaranta ne, kuma marubucin wasan kwaikwayo. An haife shi a 1920 a birnin Kano, ya yi Midil ta Kano, sannan ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937 ya gama a 1942. Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasanni da Hausa, ana nuna su a dandalin makaranta. Ɗaya daga cikinsu shi ne "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?", wanda ya fallasa yadda 'yan birni ke damfarar mutanen karkara idan sun shigo cin kasuwa. Duk dattijon da ya taɓa kai gyaɗa ko dabba Kano daga wannan yanki namu a wancan zamani, ba sai an yi masa sharhin wasan ba.

Bayan ya koyar a Midil ta Bauchi tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai a 1946 aka ba shi gurbin karatu na shekara guda a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, inda shi ma Tafawa Ɓalewa ya yi karatu shekara guda kafin nan. Ingilar da ya tarar ba ita ce wadda ake karantawa a littattafan makaranta ba. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, unguwanni da dama na Landan kufai ne saboda ruwan bama-bamai, abinci kuwa da kati ake sayensa, har da burodi. A farkon 1947 aka yi wani matsanancin sanyi wanda ya tsayar da masana'antu saboda ƙarancin gawayi. Ɗan Arewan da ya saba ganin Bature yana tafe ana ɗauke masa kaya, sai ga shi yana kallon Bature na sharar titi, yana bin layin abinci kamar kowa.

Malam Aminu bai tsaya a ɗakin lacca ba. Ya yi gwajin koyarwa a makarantun firamare na Landan, ya zauna da ƙungiyar matasa manoma a karkarar Wales, ya kuma riƙa halartar tarurrukan 'yan siyasa masu adawa da mulkin mallaka, inda ya san irin su George Padmore. Da yake kuɗin guzurin ɗalibi ba ya isar yawo, sai ya riƙa yi wa BBC aikin fassara domin ya tara na tafiya, shekara goma kafin a buɗe Sashen Hausa a 1957. A watan Agusta na 1947 ya halarci babban taron 'yan sikawut na duniya a Moisson ta ƙasar Faransa, taron farko bayan yaƙi, wanda ya tara matasa fiye da 24,000. Kafin su tashi an kai su fadar Buckingham, inda ya ga Sarkin Ingila da matarsa suna cuɗanya da yara ba tare da wani shamaki ba, alhali a gida ƙaramin Di'o ma sai an cire takalmi kafin a tunkare shi. A wannan wata ne kuma Indiya ta sami 'yancin kai.

Abin da ya dawo da shi ya bayyana nan da nan. A Landan ne shi da abokan karatunsa suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar malaman Arewa, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1948. Daga nan aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato, kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. Ya kuma bar mana littafin labarin tafiya, "Motsi Ya Fi Zama", kamar yadda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta "Tafiya Mabuɗin Ilmi" bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943. Ko a dandalin siyasa, hikimar mai wasan kwaikwayo ce ta sa talaka ke gane jawabinsa, domin ya iya kwaikwayon murya, ya iya kawo misali daga kasuwa da gona.

Jimo Akolo: daga Zariya zuwa Hornsey da Indiyana

Malami na biyu ba Bahaushe ba ne. Mutumin Egbe ne a tsohon lardin Kabba, wato Jihar Kogi ta yau, amma ɗan Jihar Arewa ne, kuma a Zariya ya yi yawancin rayuwarsa. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi wani malami Bature mai suna Dennis Duerden ya gano baiwarsa ta zane, ya ƙarfafa masa gwiwa. A 1957 ya shiga sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ajinsu ɗaya da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958. Ƙorafin waɗannan matasa shi ne ana koya musu zane tamkar a Landan suke zaune, ba a duban fasahar da ke kewaye da su. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun Turai a gwama su da gadon gida.

Yayin da abokansa suka waiwayi al'adun garuruwansu na Kudu, shi Akolo ƙasar Hausa ya zuba wa ido. Ya nazarci ginin gargajiya na Zariya da Kano, da zanen da magina ke yi a fuskar soro, ya kuma zana makaɗa da mahaya dawaki da 'yan dambe. Wani zanensa na mahaya Fulani da ya yi a 1962 ya shiga gidan adana kayan tarihi na birnin Bristol a Ingila. Ya kuma yi zanen bango a majalisar dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna.

Saboda haka lokacin da ya isa Kwalejin Zane ta Hornsey a arewacin Landan a 1964, ba da hannu biyu ya je ba. A shekarar ce aka baje kolin ayyukansa a Cibiyar Kwamanwel da ke Landan, Turawa suka zo kallon rayuwar Arewa kamar yadda ɗan ƙasa ya gan ta, bayan shekaru da dama da suka saba ganinta ta hotunan 'yan mulkin mallaka. Daga Landan ya wuce Amurka, ya sami digiri na biyu a fannin ilimi a Jami'ar Indiyana a 1966, daga baya ya koma can ya kammala digirin dakta a kan koyar da zane a farkon shekarun 1980.

Mai zane irinsa zai iya zama a Turai ya ci da hannunsa. Akolo ya komo Zariya a 1966, ya kama aiki a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe fiye da shekara talatin yana horon malamai. A wancan lokaci wannan cibiya ita ce ke kula da manhajar kwalejojin horon malamai na jihohin Arewa. Mu da muka shiga waɗannan kwalejoji a zamanin shirin UPE na 1976, an tilasta mana koyon zanen allo, da haɗa launi, da yin kayan koyarwa da yumɓu da kara da ƙwarya, kuma ba a ba ɗalibi shaidar malanta sai ya nuna abin da ya yi da hannunsa. A 2022 aka shirya babban baje kolin ayyukansa a Legas, ya rasu a 2023.

Darasi ga al'ummarmu

Idan aka dubi mutanen nan biyu za a ga kowannensu ya tafi da wata fasaha da ya riga ya ƙware a kanta tun daga gida, ita ce ta buɗe masa ido a can, ita ce kuma ta ba shi hanyar isar da abin da ya gano ga waɗanda ba su je ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ganin da ba a rubuta ba, ba a zana ba, ba a nuna a dandali ba, yana bin mai shi kabari.

A nan ne matsalarmu take. Darasin aikin hannu da zane yana nan a takardar manhaja, amma a makarantun firamare da yawa na yankinmu ya zama lokacin shara ko hutu, saboda babu kayan aiki, babu kuma malamin da aka horar. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu, waɗanda a da suke cika fili ranar rabon kyaututtuka, sun yi ƙaranci. A ɗaya gefen kuma tsofaffin magina masu zanen soro, da maɗinka hula da riga, da masu sassaƙar ƙwarya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, gidajen ƙasa masu ado suna rushewa ana maye su da bulo. Yaron da ya tashi bai san darajar waɗannan ba, idan ya je Landan ko Alƙahira ko Beijing, ba shi da abin da zai auna abin da ya gani da shi.

Kammalawa

Shawarata ga shugabannin wannan ƙungiya guda uku ce, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu. Ta farko, duk ɗalibin da ƙungiya ta taimaka wa ya fita waje, a nemi ya rubuto labarin tafiyarsa da Hausa, da hotuna ko zane, a buga a wannan mujalla. Ta biyu, a ware wani abu daga asusun ilimi domin sayen takarda da launi ga makarantun firamare, a kuma riƙa gayyatar masu sana'ar gargajiya su shiga aji su nuna wa yara. Ta uku, a sa matasanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu su zagaya garuruwanmu su ɗauki hoton sauran gine-gine masu zane kafin damina ta cinye su, a baje su a wurin taronmu na shekara. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje jagora, Ya dawo mana da su lafiya da ilimi mai amfani, amin.