Ciwon dajin fuska na shaiɗanin Tasmaniya

Ciwon dajin fuska na shaiɗanin Tasmaniya, wanda masana ke taƙaita sunansa da DFTD, ciwon daji ne mai yaɗuwa da ke kama wata dabba mai cin nama a tsibirin Tasmaniya, kudu da babban yankin ƙasar Ostiraliya. An fara ganin sa a shekarar 1996, kuma daga lokacin ya rage yawan dabbar ƙwarai, har ta shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Abin da ya raba shi da sauran cututtuka masu yaɗuwa shi ne babu bairas ko bakteriya a cikin lamarin. Tantanin ciwon dajin ne da kansa, da ransa, yake tsallakawa daga jikin wata dabba zuwa jikin wata ta hanyar cizo, ya kafu, ya ci gaba da girma a can.

Dabbar da cutar ke kamawa

Shaiɗanin Tasmaniya yana cikin dangin dabbobin da ke renon 'ya'yansu a jakar ciki, irin su kangaru. Girmansa kamar na ƙaramin kare ne, baƙi, sau da yawa da farin zane a ƙirji, yana da babban kai da muƙamuƙi mai ƙarfin da ke tauna ƙashi. Namiji yakan kai kilo 8, mace kilo 6. Yawancin abincinsa mushe ne, ko da yake yana farauta. A daji ba kasafai yake wuce shekara biyar ko shida ba. Tun bayan mutuwar damisar Tasmaniya ta ƙarshe da aka sani a 1936, shi ne mafi girma a cikin masu jakar ciki da ke cin nama.

Sunan fassara ce ta Tasmanian devil, laƙabin da Turawan farko suka ba shi saboda kururuwar da yake yi cikin dare. A palawa kani, harshen 'yan asalin Tasmaniya da aka farfaɗo da shi, sunansa purinina. Sunansa na kimiyya Sarcophilus harrisii, kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta mai son nama. Laƙabin Turawan bai yi masa adalci sosai ba, domin dabba ce mai gudun mutane.

Tarihin gano cutar

A 1996 wani mai ɗaukar hoton namun daji ɗan ƙasar Holand, Christo Baars, ya ɗauki hotunan wasu dabbobin da manyan tsiro a fuska kusa da dutsen Mount William, arewa maso gabashin tsibirin. Daga wannan kusurwa cutar ta bazu kudu da yamma, har ta game kusan duk inda dabbar ke zaune. Yankin arewa maso yamma ne ta isa a ƙarshe.

Da farko an zargi bairas, wasu kuma suka zargi magungunan feshi na gona da na gandun daji. Amsar ta fito a 2006, lokacin da Anne-Maree Pearse da Kate Swift suka buga bincikensu a mujallar Nature. Lafiyayyen shaiɗani yana da kuromosom 14 a kowane tantani. Su kuwa tantanin tsiron 13 gare su, a hargitse, kuma hargitsin iri ɗaya ne a dukan dabbobin da aka duba, duk da nisan da ke tsakaninsu. Ciwon daji na yau da kullum yana farawa ne daga jikin mai shi, don haka na kowa da nasa fasali. Idan aka sami tsiro iri ɗaya sak a dabbobi daban-daban, to tushensu ɗaya. Wata dabba guda ta ƙara tabbatar da haka: tana da wata alama ta gado a ɗaya daga kuromosom ɗinta, amma babu alamar a tsiron da ke fuskarta. Tsiron baƙo ne a jikinta.

Binciken Elizabeth Murchison da abokan aikinta ya nuna a 2010 cewa asalin tsiron tantanin Schwann ne, wato waɗanda ke lulluɓe jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki, sannan a 2012 ya nuna cewa dabbar da ciwon ya fara a jikinta mace ce. Wani nazari na 2023 ya ƙiyasta cewa hakan ya faru wajen 1986. Wannan macen ta daɗe da mutuwa, amma tantaninta na nan da rai a fuskokin dubban 'yan uwanta.

A 2014 aka gano ciwo na biyu a yankin mashigin D'Entrecasteaux, kudu maso gabashin tsibirin. A ido ba a bambanta shi da na farko, amma tushensa dabam ne, daga namiji ya fito. Ana kiran na farko DFT1, na biyu DFT2. Wannan ya ba masana mamaki, domin ciwon daji mai yaɗuwa abu ne da ba a cika samu ba. Bayan na wannan dabba, sanannun misalai su ne ciwon al'aurar karnuka da ke yaɗuwa wajen barbara, wanda ya shekara dubbai yana yawo a duniya har da Afirka, da wani ciwon dajin jini na wasu halittun ruwa masu ƙwanso.

Alamomi da yaɗuwa

Ciwon yana farawa da ƙananan ƙuraje ko ƙulli a leɓe, cikin baki, fuska ko wuya. Suna girma da sauri, su fashe su zama gyambo, su ci ƙashin muƙamuƙi, su zubar da haƙora, wani lokaci su rufe ido. A dabbobi da yawa ciwon yana bazuwa zuwa huhu da sauran sassan ciki. Yawanci dabbar tana mutuwa cikin wata 6 zuwa 12 da bayyanar tsiron, ko don yunwa tunda ba ta iya ci, ko don gaɓoɓin ciki sun gaza.

Cizo al'adar dabbar ce. Suna cizon juna a kan mushe, amma mafi muni a lokacin barbara, wajen Fabrairu da Maris. Wani bincike ya gano abin da ba a zata ba: dabbobin da ba su da raunin cizo da yawa su ne suka fi kamuwa. Bayanin da aka bayar shi ne mai cizon ne yake cusa bakinsa cikin tsiron abokin faɗa. Ke nan cutar ta fi ɗaukar ƙarfafa, waɗanda ke kan ganiyar haihuwa.

Dalilin da garkuwar jiki ba ta ƙin tsiron

A ƙa'ida jiki yana ƙin tantanin wani, shi ya sa dashen ƙoda ke buƙatar maganin danne garkuwa. Kusan kowane tantani yana ɗauke da wasu sunadarai a bayansa, ana kiran su MHC, masu aiki kamar katin shaida. An fara zaton cewa dabbobin sun yi kama da juna ta gado har jiki ba ya gane baƙo, kuma gaskiya ne bambancin gadonsu kaɗan ne. Sai dai da aka gwada dasa fatar wata a jikin wata, jikin ya ƙi ta. A 2013 Hannah Siddle da abokan aikinta suka nuna cewa tantanin DFT1 suna ɓoye katin shaidar ne gaba ɗaya. Ba su rasa shi ba, kashe shi suka yi, kuma ana iya tilasta musu su fito da shi da wani sinadarin garkuwa mai suna interferon gamma. A kan wannan aka gina yawancin aikin rigakafi.

Ɓarnar da ta yi

A wuraren da cutar ta daɗe, yawan dabbar ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, a wasu wuraren fiye da 90. Wani ƙiyasi na 2021 ya ce daga kimanin 53,000 a 1996 sun koma kimanin 17,000 a 2020. Ƙungiyar IUCN ta sa dabbar cikin masu fuskantar ƙarewa a 2008. Inda ta ragu, kuliyoyin gida da suka koma daji sun ƙaru, su kuma suna cinye ƙananan dabbobin tsibirin.

A ƙarshen shekarun 2000 an yi hasashen dabbar za ta ƙare a daji cikin kimanin shekaru 30. Hujjar ita ce ƙarancin dabbobi ba zai tsayar da cutar ba, tunda ko sun rage kaɗan sai sun nemi juna don barbara. Hasashen bai tabbata ba zuwa yanzu. Har a arewa maso gabas, inda cutar ta fara, akwai sauran dabbobin. Mata da yawa sun koma haihuwa suna da shekara ɗaya maimakon biyu. Binciken 2016 ya ga sauyi a sassan gadon da suka shafi garkuwa da ciwon daji cikin zuriya huɗu zuwa shida kacal, an kuma ga 'yan dabbobin da tsironsu ya motse da kansa. Nazarin 2020 a mujallar Science ya ce a da kowace mai ciwo tana harbin kimanin 3.5, yanzu kusan ɗaya. Wannan ba warkewa ba ne, zama ne da cutar, da adadi kaɗan da mota a kan titi ko karnuka za su iya ƙarasawa.

Matakan ceto

An kafa shirin Save the Tasmanian Devil a 2003. An gwada kamawa da kashe masu ciwo a zirin ƙasar Forestier, aka daina a 2010 don bai rage yaɗuwar ba. Abin da ya fi tasiri shi ne tara lafiyayyu a gidajen namun daji da killatattun wurare a matsayin ajiya.

A 2012 da 2013 an saki 28 a tsibirin Maria, inda babu dabbar a da. Sun hayayyafa, amma a 2021 ƙungiyar BirdLife Tasmania ta ba da rahoton cewa ƙananan tsuntsayen fenguwin, kimanin ma'aurata 3,000, sun ɓace daga tsibirin. A 2020 ƙungiyar Aussie Ark ta saki 26 a wani killataccen daji a Barrington Tops, jihar New South Wales, bayan kimanin shekaru 3,000 da ɓacewar dabbar daga babban yankin Ostiraliya. Masu bincike a Cibiyar Menzies ta Jami'ar Tasmaniya suna aiki a kan rigakafin da za a ɓoye cikin abinci a watsa a daji, irin yadda aka yaƙi ciwon haukan kare a tsakanin namun daji a Turai da Amurka.