Malamin Sakandaren da Ya Auna Turjiyar Waya

Yau Jamus za mu, shekarar 1826, wajen wani malamin sakandare a birnin Kolon mai suna Georg Simon Ohm. Ɗan maƙerin makullai ne, kuma uban da kansa ya fara koya masa lissafi.

Tambayarsa ita ce: idan aka ƙara wa waya tsawo, nawa wutar da ke bi ta cikinta za ta ragu? Abin da ya hana a samu amsa shi ne batirin zamanin. Batiri irin na Volta ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya, kana cikin awo yana sanyi. To ta yaya za ka gane ko waya ce ta rage wutar ko batirin ne ya gaji?

Nan ne Ohm ya burge ni. Bisa shawarar Poggendorff, editan wata mujallar kimiyya, sai ya ajiye batiri. Ya haɗa tagulla da wani ƙarfe da ake kira bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara. Bambancin zafin nan yana samar da wuta, kuma muddin ruwan na tafasa, ƙanƙarar na nan, ƙarfin turin ba ya motsi. Sai ya riƙa sauya wayoyin tagulla guda 8 masu tsawo daban-daban, yana duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata.

Abin da ya fitar a littafinsa na 1827, yau ɗan sakandare ma ya iya shi. Raba ƙarfin turi, wato bolt, da yawan wutar da ke kwarara, wato amfiya, ka samu turjiya. Butar lantarki a kan bolt 230, tana jan amfiya 10, turjiyarta om 23 ke nan. Idan kuma ka ninka bolt da amfiya, wat ka samu: 2,300. Ta yi awa ɗaya a kunne, yunit 2.3 sun tafi daga mitarka.

Amma fa malaman Jamus ba su karɓe shi ba. Ya bar aikinsa na Kolon, ya zauna a Balin yana 'yar koyarwa ta rufin asiri, sai 1833 ya samu gurbi a Nuremberg. (Af, tun 1781 wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, ya hango dokar ta hanyar bari wuta ta ja shi yana kwatanta zafin, amma bai wallafa ba.)

Wajen 1841 James Joule ya ƙara nasa: zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Ku riƙe wannan. Siririyar wayar ja mai turjiya rabin om, a amfiya 5 zafinta wat 12.5 ne. Ka jona dutsen guga da hita ta kai amfiya 10, ya zama wat 50, ninki huɗu. Haka roba ke narkewa a ɗaki mutane na barci.

A 1841 ɗin ne ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta ba Ohm lambar Copley. Kujerar farfesa a Munich kuwa sai 1852, saura shekara biyu ya rasu. A taron Paris na 1881 aka tabbatar da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.